Kwana bakwai a otal ɗin bakin teku a Zanzibar: daga neman biza zuwa miƙa makulli

Hoton da otal ɗin bakin teku yake sakawa a intanet, lokacin da teku ya cika ake ɗaukarsa. Ba ƙarya aka yi maka ba, rabin zancen kawai aka nuna. A gabashin Unguja, wato babban tsibirin Zanzibar da ke ƙasar Tanzaniya, ruwan da ka bari da la'asar yana dukan matakalar otal, washegari da hantsi sai ka iske ya ja baya, a wasu wuraren fiye da kilomita guda, babu abin da ke gabanka sai farin yashi da duwatsun murjani da 'yan kududdufai. Wanda bai san da wannan ba kafin ya biya kuɗi, rabin hutunsa a takaici zai ƙare. Na yi kwana huɗu a gabas kusa da Jambiani, uku a arewa kusa da Kendwa, kuma zan bi abin daki-daki yadda na bi shi.

Takardu ne farko, domin su suka fi cin lokaci. Mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar ko Chadi ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi kamar yadda Turawa suke samu. Muna cikin ƙasashen da sai an tura takardunsu hedikwatar shige da fice an tantance kafin a amince. A shafin hukumar na intanet ake cike fom, a ɗora hoton fasfo da hoton fuska da bayanin masauki, sannan a jira. Ka fara aƙalla wata biyu kafin ranar tafiya. Kada ka biya kuɗin otal irin wanda ba a mayarwa alhali biza ba ta fito ba. Ka kama ɗaki da sharaɗin sokewa kyauta, in amincewa ta zo sai ka biya. Sunan da ke kan fom ya zo daidai da na fasfo harafi da harafi, saboda masu suna uku ko huɗu sukan sauya jerinsu ba tare da sun lura ba, wannan kaɗai kuma yana iya jawo jinkiri. Fasfo ya kasance da sauran wata shida aƙalla.

Sai katin rigakafin shawara, wanda ake tambayar duk wanda ya fito daga ƙasashenmu. Sai inshorar da gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi tun 1 ga Oktoba 2024: dala 44 ga babban mutum, tana aiki har kwana 92, kuma daga kamfanin inshora na gwamnatin Zanzibar kaɗai ake sayenta, ko da kana da wata inshorar tafiya. Ka saya a intanet tun kana gida. Biza da inshora da shaidar otal da tikitin dawowa, duka ka buga su a takarda. Waya tana mutuwa, intanet ɗin filin jirgi kuma ba abin dogaro ba ne. Ka cire ledojin cefane daga kayanka, an haramta su a Tanzaniya tun 2019.

Jirgin Ethiopian yana ɗauka daga Kano da Abuja da Legas ya bi ta Addis Ababa, Kenya Airways kuma daga Legas ta Nairobi. Abin dubawa a tikiti shi ne lokacin sauka a filin jirgin Abeid Amani Karume. Wasu jiragen cikin dare suke isa, otal kuwa ba ya ba da ɗaki sai wajen ƙarfe biyu na rana. In ka sauka ƙarfe uku na dare, ko dai ka biya daren da ya gabata don ɗaki ya jira ka, ko ka kwana a ƙaramin masauki cikin tsohon garin Zanzibar, wanda bai fi minti ashirin daga filin jirgi ba, ka wuce bakin teku da rana. Na biyun na zaɓa, kuma shi nake ba da shawara: ya fi araha, ka canji kuɗi, ka sayi layin waya, ka ga hanya da idonka. Agogonsu yana gaban na Najeriya da awa biyu.

Yanzu ga inda nake so mai karatu ya dakata sosai, wato zaɓen gefen tsibirin da zai sauka, domin ya fi zaɓen otal ɗin kansa muhimmanci.

Teku a nan yana cika sau biyu, yana janyewa sau biyu a yini da dare. Tsakanin cika da janyewa kusan awa shida ne, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kimanin minti 50. A gabas, wato Matemwe da Kiwengwa da Pongwe da Bwejuu da Paje da Jambiani, gaɓar shimfiɗaɗɗiya ce, da katangar murjani can nesa inda igiyar ruwa take karyewa. Saboda shimfiɗar, ruwa ya sauka mita biyu ko uku a tsaye, sai ya ja baya ɗaruruwan mita a kwance. Ninƙaya a gabas sai awa biyu kafin cika zuwa awa biyu bayanta. A Kendwa da yammacin Nungwi kuwa ƙasan teku yana gangarawa da sauri, shi ya sa ana shiga ruwa kowane lokaci. Farashin wannan shi ne cunkoso da kiɗa har tsakar dare a wasu ranaku, da kuma tsadar ɗaki. Gabas ta fi shiru da iska, a can ne rana take fitowa daga cikin teku. Faɗuwarta kuwa sai a Kendwa da Nungwi, ko a Michamvi, wani lungu na gabas da gaɓarsa ke kallon yamma.

Girman cika da janyewa yana bin wata ne, kuma a nan mu masu lissafi da watan Musulunci mun fi Bature sauƙi. A farkon wata da tsakiyarsa, wato kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen 14 zuwa 17, teku yana cika maƙil ya kuma janye can nesa. Bambancin yakan kai kusan mita huɗu. Mutanen wurin suna kiran wannan bamvua. A irin waɗannan kwanaki janyewar takan faɗo da hantsi, cikar kuma da la'asar da kafin asuba. Wajen 7 da 8 ga wata, da 22 da 23, ruwan yana zama tsaka-tsaki, ba ya tafiya nesa, ba ya kuma hawowa sosai. Shi suke ce wa maji mafu, mataccen ruwa. Mai son tafiya a ƙasan teku ya ga halittu, ya nufi tsakiyar wata. Mai ƙananan yara da ke son ruwa marar zurfi ya daɗe a kusa, ya nufi kwanakin maji mafu. Akwai jadawalin cikar teku na Zanzibar a intanet na shekara guda cur, ka duba ranakunka kafin ka kama ɗaki. Otal mai tsari yana rubuta na kowace rana a allo kusa da wurin karɓar baƙi.

Damina biyu ce. Babbar, masika, daga tsakiyar Maris zuwa Mayu. A lokacin ɗaki yana araha, wasu otal-otal ma rufewa suke yi don gyara. Ƙaramar, vuli, wajen Nuwamba, ruwan yakan zuba ya ɗauke. Yuni zuwa Oktoba ya fi daɗin zama, da iskar kudu da suke kira kusi. Disamba zuwa Fabrairu zafi ne mai gumi da iskar arewa, kaskazi. Zafin bai kai na Sakkwato a Afrilu ba, amma laima ce take gajiyar da mutum. Ƙarshen Disamba da Yuli da Agusta su ne lokutan tsada. Iskar nan kan koro ciyawar teku ta tara a gaɓar gabas, ma'aikata su share da safe, ruwa ya sake kawowa. Ba ƙazantar otal ba ce.

Wajen kama ɗaki za ka ga tsarin abinci huɗu, kowanne an taƙaita shi da haruffa biyu. BB kwana da karin kumallo ne. HB an ƙara abincin dare. FB sau uku a rana. AI kuwa har da abin sha da ɗan abin taɓawa tsakanin abinci. Babban kaso na kuɗin AI na giya ne, don haka wanda ba ya sha yana biya wa wasu ne kawai. Ni HB na ɗauka a wuraren biyu, saboda da rana ko dai ina waje, ko zafi ya sa 'ya'yan itace da ruwan kwakwa sun ishe ni. Sai dai a HB da FB yawanci ruwan sha a teburin dare ba ya cikin kuɗin, kuma kwalba a otal tana ninka ta shago sau da yawa. In otal ɗin yana keɓe, babu gidan abinci kusa, kuma kana da yara, to FB ko AI na iya fi maka. Haka nan sunan ɗaki yana ruɗi: wanda aka ce yana kallon teku na iya zama a layi na uku, sai ka leƙa ta gefen baranda ka hango shuɗi. Ka nemi taswirar otal ta imel, a nuna maka rukunin da za a sa ka.

A imel ɗin ka haɗa sauran tambayoyin gaba ɗaya. Farashin ya haɗa da harajin da gwamnati ke karɓa a kan kowane baƙo kowane dare, ko a can za a biya? A 2024 dala 5 ne a manyan otal-otal, ga mutum biyu a dare bakwai dala 70 ke nan, kuma sau da yawa ba ya cikin kuɗin da ka biya a intanet. Janareta yana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki ko fitila da fanka kawai? Wutar tsibirin ta waya take zuwa ta ƙarƙashin teku daga babban yankin Tanzaniya, ana kuma ɗaukewa. Akwai gidan sauro a kan gado? Banɗaki yana da bututun tsarki? Ana dafa naman alade a kicin? Amsar da aka ba ka a rubuce ita ce hujjarka in ka isa.

Daga gari zuwa Paje ko Jambiani awa ɗaya da 'yan mintoci ne, hanyar tana ratsa dajin Jozani, inda aka sa tudun rage gudu saboda jajayen birai da ke tsallakawa. Zuwa Nungwi ko Kendwa kusan awa ɗaya da rabi. Ta hagu suke tuƙi. Motar otal ta fi tasi tsada, amma in dare ne ita ce kwanciyar hankali. In tasi ne, a gama ciniki kafin a sa kaya a but, a kuma fayyace kuɗin na mota ne gaba ɗaya, ba na kowane mutum ba.

Da isa za a miƙo maka tawul mai sanyi da lemo, a karɓi fasfo a yi kwafi, a ɗaura maka zobe na roba a hannu in tsarinka ya haɗa da abinci. Za a ba ka katin tawul ɗin bakin ruwa: ka ba da kati ka karɓi tawul, ka mayar da tawul ka karɓi kati. In katin ya ɓace, kuɗi ne a lissafinka ranar tafiya. Kafin mai ɗaukar kaya ya fita daga ɗaki, minti biyar za su cece ka daga wahalar kwana bakwai. Kunna na'urar sanyi ka tsaya har ka ji ta sanyaya. Buɗe ruwan zafi. Sauke gidan sauro ka duba huda, musamman wajen ɗinki. Gwada akwatin ajiya na ƙarfe yana buɗe kafin ka sa fasfo ka kulle, domin batirinsa kan yi sanyi. Duba sakatar ƙofar baranda, gishirin iska yana cinye ƙarfe. Abin da ka samu da matsala ka faɗa a take. Sauya ɗaki a ranar farko abu ne mai sauƙi, a rana ta uku kuwa otal ya cika. Soket irin na Najeriya ne mai baki uku, in daga can kake ba ka bukatar wani mahaɗi.

Alƙibla tana rikita mutanenmu, saboda a bakinmu gabas da alƙibla abu ɗaya ne. Zanzibar tana kudu da Makka kusan a kan layi ɗaya, don haka alƙibla arewa ce sak. In kana gaɓar gabas, teku zai kasance a hannunka na dama in ka tsaya salla; a Kendwa kuma yana hagunka. Ba kowane otal ne yake manna alama a ɗaki ba, amma yawancin ma'aikata Musulmi ne, kowa ka tambaya zai nuna maka. Rana tana fitowa wajen shida da 'yan mintoci, ta faɗi wajen shida da rabi, bambancin bai da yawa duk shekara. Kowane ƙauye yana da masallaci, mafi yawansu Shafi'awa ne, za ka ji alƙunutu a asuba. Ka tafi da dardumarka da ƙaramar buta. Mai zuwa cikin azumi ya gaya wa kicin tun da yamma a haɗa masa sahur, domin ba a buɗe ɗakin cin abinci sai gari ya waye.

Gargaɗi ɗaya ga masu turaren wuta, kuma da gaske nake. Rufin yawancin gine-ginen nan na busasshen ganyen kwakwa ne, makuti, ga iska ba ta tsayawa. Gobara ta sha cinye otal-otal a gaɓar nan cikin ɗan lokaci. Kada a kunna gawayi ko kasko a ɗaki ko baranda. A tafi da humra da turaren fesawa, a bar na wuta sai an dawo gida.

Abinci jere ake yi, kowa ya zuba wa kansa. Naman shanu da kaza da akuya galibi yankan Musulmi ne, tunda tsibirin kusan duka Musulmi ne. Inda ake bukatar lura shi ne otal-otal masu karɓar Turawa da yawa, musamman 'yan Italiya: a karin kumallo akan ajiye naman alade a tire dabam, wani lokaci cokali ɗaya yana yawo tsakanin tire biyu, kuma akwai miya da kayan zaƙi da ake sa wa giya. Ranar farko ka nemi shugaban masu dafa abinci, ya zaga da kai ya nuna maka. Suna yin hakan da farin ciki. Kifi sabo ne kullum, ga jatan lande da ƙaguwa da pweza, wata halitta mai hannuwa takwas da suke dafawa da madarar kwakwa. A mazhabar Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, amma wanda bai taɓa cin irin waɗannan ba ya fara da kaɗan, wasu jikinsu ba ya karɓa. Daren da aka yi girkin gida kada ka wuce pilau, shinkafa mai kanumfari da kirfa. Yajinsu ƙamshi ne ba zafi ba, don haka ƙaramar robar yajin gida tana da amfani. In kana ci a waje kada ka tashi ka bar faranti, hankakan tsibirin ba su da tsoron mutum.

Ruwan famfo ba na sha ba ne. A gabas yawanci na rijiya ne mai ɗan gishiri, za ka lura sabulu ba ya kumfa sosai. Ya isa wanka da alwala, amma na goge baki ka yi da na kwalba. Otal kan ajiye kwalba ɗaya ko biyu a ɗaki kullum, ba sa isa. Ka sa direba ya tsaya a shago a hanya ka sayi katan. Kayan da ka wanke ka shanya a baranda na iya kwana biyu ba su bushe ba, don haka yadi marar nauyi ya fi shadda. Zazzaɓin cizon sauro ya ragu ƙwarai a Zanzibar, amma bai ƙare ba. Da magariba ma'aikata kan shigo su sauke gidan sauro su yi feshi, ka bar su su yi.

Tafiya a ƙasan teku lokacin janyewa ita ce abin da gabas ta fi arewa da shi. Da hantsin 15 ga wata na bi bayan ruwan. Yashin fari ne mai laushi kamar garin alkama, ba ya ƙona ƙafa kamar namu. Bayan 'yan ɗaruruwan mita sai gonakin ciyawar teku: turaku gajeru a jere, an ɗaura igiyoyi tsakaninsu, mata zaune cikin ruwa iya gwiwa da zannuwansu suna ɗaure 'yan reshen ciyawa a jikin igiya. Mwani suke kiranta, ana nomanta a nan tun ƙarshen shekarun 1980, a shanya a sayar. Gona ce kamar kowace gona: kada ka taka igiya, kada ka ɗaga waya a fuskar mace ba ka nemi izini ba. Gaba da nan ne haɗarin yake. A cikin ramukan duwatsu akwai bushiyar teku, baƙar dunƙule mai dogayen ƙayoyi masu karyewa cikin fata. Silifas ba ya tsare komai, ruwa ma yana cire shi. Takalmin roba mai rufe ƙafa duka ake sawa. Ka saya a gari, a shagon otal ya fi tsada. Wanda ya taka, ya jiƙa ƙafar a ruwan zafi iya wanda zai jure, a cire ƙayoyin da suka fito da hantsaki, kada a tona da allura domin daɗa karyewa suke yi. Mutanen wurin suna shafa farin ruwan ɗanyar gwanda. In ƙaya ta shiga gaɓa ko wurin ya kumbura, sai asibiti.

Abin da ya fi ƙaya haɗari shi ne dawowar ruwa. Ba ta gabanka yake zuwa a jere ba. Kwaruruka da ke tsakaninka da gaɓa yake fara cikawa, ka waiga ka ga hanyar da ka bi ta zama rafi mai ja. A awa ta farko a hankali yake hawowa, a ta uku da ta huɗu ne yake gudu. Ka fita awa ɗaya da rabi kafin ƙarshen janyewa, ka juyo da zarar lokacin da ke kan allo ya cika, ko da idonka bai ga canji ba. Wanda bai iya ruwa ba kada ya nufi katangar murjani sai da ɗan gari. Ranar nan kuma tana ƙona baƙar fata ma, musamman kafaɗa da ƙeya da bayan ƙafa, saboda farin yashi da ruwa suna mayar da haske. Hula da riga mai dogon hannu da man kariya daga rana ba na Turawa kaɗai ba ne. Kada a shimfiɗa wa yaro a ƙarƙashin bishiyar kwakwa mai 'ya'ya.

Gaɓar teku ba mallakar otal ba ce. Iyakarsa kujerun kwanciya da igiya ko 'yar katanga, daga nan hanya ce ta kowa: masunta, 'yan makaranta, shanu, 'yan ƙabilar Masai masu sayar da duwatsun ado, da samarin da ake kira papasi masu tallar yawon jirgin ruwa. Sallama tana aiki a nan kamar a gida, dattijo kuma ana ce masa shikamoo ya amsa marahaba. In ba ka so, hapana asante, wato "a'a, na gode", sau ɗaya da sakin fuska ya isa. "Sai anjima" ko "gobe" alkawari suke ɗaukarsa, za su jira ka. Farashinsu ya fi na otal sauƙi, wani lokaci da rabi, amma in abu ya lalace babu wanda za ka kama. In za ka bi su, kafin alƙalami kaɗan kawai za ka bayar, ka ga jirgin da idonka, ka ƙirga rigunan kariya daga nutsewa, ka tambaya ko kuɗin shiga wurin da aka killace, kamar ruwan da ke kewaye da tsibirin Mnemba, yana ciki. Lokaci kuma a rubuta shi a lamba, saboda agogon Swahili daga fitowar rana yake farawa: ƙarfe bakwai na safe shi ne saa moja, saa nne kuma goma ne, ba huɗu ba. Sauran kalmomin ba za su ba ka wuya ba, asubuhi da alasiri da magharibi duk ka san su.

Ga iyali masu kula da sutura, gaskiyar ita ce a wurin ninƙayar otal da gaɓar Kendwa za a ga Turawa da kayan wanka irin nasu. Mace mai rigar ninƙaya mai rufe jiki babu mai hana ta shiga ruwa, amma a saya tun daga gida, ta yadin da ba ya shan ruwa. Doguwar riga ko zane a cikin teku nauyi suke yi su naɗe ƙafa. Bayan sallar asuba zuwa ƙarfe takwas gaɓa kusan babu kowa. Mai hali ya kama ɗaki mai ɗan wurin ninƙaya nasa da katanga, ya kuma tambaya ko ana hango shi daga benen maƙwabta. A cikin ƙauye da gari kuwa shigarmu ta gida ita ce daidai da tasu.

Kuɗi kala biyu za ka riƙe. Dala sababbi marasa yagewa ko rubutu, domin waɗanda aka buga kafin 2009 sau da yawa ba a karɓa, kuma takardar 50 da 100 ta fi ƙananan daraja a wurin canji. Sai shilin na Tanzaniya don shago da tasi da tukuici. Tun 2025 doka ta ce cinikin cikin gida da shilin za a yi. Babbar takardarsu 10,000 ce, don haka canjin dala ɗari biyu ma dami ne. Na'urar cirar kuɗi tana gari da filin jirgi da wurare kamar Nungwi da Paje, amma takan ƙare a ƙarshen mako. Kafin ka taso ka tambayi bankinka iyakar abin da katinka zai iya kashewa a waje. Otal-otal da yawa suna ƙara wani kaso in da kati za ka biya. Layin Airtel ko Vodacom ko Yas da fasfo ake yi masa rajista, kuma yana da amfani domin intanet ɗin otal yakan tsaya a wurin karɓar baƙi, bai kai ɗakunan nesa ba.

Duk abin da ka ci ko ka sha wanda ba ya cikin tsarinka, takarda za a kawo ka sa hannu da lambar ɗaki. Karanta kafin ka sa, ka ajiye kwafinka a wuri ɗaya. Daren ƙarshe, ba safiyar tafiya ba, ka nemi a buga maka lissafi ka zauna ka gwada da takardunka. Kurakuran da aka fi samu su ne abin shan wani ɗaki da ya faɗo a naka, da kayan firjin ɗaki da ba ka taɓa ba, da harajin da aka sake sawa bayan ka biya. Da rasit a hannu, gyaran minti biyu ne. Tukuici akwai akwatin gama-gari a wurin karɓar baƙi da ake raba wa har waɗanda ba ka gani, masu wanki da masu lambu. Mai gyara maka ɗaki kuma ka ba ta nata a hannu.

Ana sakin ɗaki ƙarfe goma ko sha ɗaya. In jirginka na dare ne, za su ajiye maka kaya, mafi yawansu kuma suna da banɗakin da baƙo zai yi wanka kafin ya tafi, sai ka ware kayan sawa ɗaya a ƙaramar jaka. Ka buɗe akwatin ƙarfe ka shafa hannu har ƙuryarsa, ka mayar da katin tawul, ka wanke takalmin ruwa da ruwan famfo ya bushe tun jiya, in ba haka ba warinsa zai kama akwati duka. Murjani da manyan ƙwanson teku da ake talla a gaɓa kada ka saya, an hana fita da su, ana kuma ƙwacewa a filin jirgi; kanumfari da kirfa a kasuwar Darajani ta cikin gari sun fi zama tsaraba. Daga Kendwa ka bar otal awa biyar kafin tashin jirgi: ɗaya da rabi na hanya, rabin awa na shingen 'yan sanda da cunkoson shiga gari, uku na filin jirgi.